Gawa a ɗakin da aka saka wa sakata, makashi ya bi ta inuwa: an yi wa makaranci adalci kuwa?

Mai_Alƙalami
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na kammala wani littafin almara mai ɗauke da binciken kisan kai, ƙarshensa kuma ya tsaya mini a rai. Ba zan ambaci sunansa ba, tunda dole in tona yadda ya ƙare.

Jakadun al'ummu biyar ne suka taru a wata fada da ke tsibiri don yin sulhu. A dare na biyu aka tsinci gawar tafintansu a ɗakinsa, an saka sakata ta ciki, taga ɗaya ce kuma ko hannu ba ya shiga tsakanin ƙarafunanta. Mai binciken mace ce kurma, mataimakinta tsohon soja mai ƙafa ɗaya. Mutum shida ake zargi, kowa da asalinsa da yarensa, biyu daga ciki ma ba bil'adama ba ne. Wannan ɓangaren ya burge ni matuƙa. Amma littafin babi 34 ne, sai a babi na 31 aka ce wai makashin ta inuwa ya shiga, ta inuwa ya fita. Ni a ganina an yi mana sakiyar da ba ruwa. Idan ana iya ratsa bango da sihiri, me ya sa aka sa mu zaman lissafin sakata da taga har babi talatin? Anya ma labarin bincike yana yiwuwa a duniyar da tsafi ke aiki?

Garkuwa77
Wa alaikumus salam. Tambayarka ta ƙarshe tsohuwar gardama ce. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika ɗan Ingila da ke rubuta labaran bincike, ya shimfiɗa dokoki goma, ta biyu a cikinsu ta haramta duk wani abu na sihiri ko na gaibu wajen warware kisa. Shekara ɗaya kafin nan, a 1928, S. S. Van Dine a Amurka ya fitar da nasa guda ashirin, shi ma ya hana gano mai laifi ta hanyar kiran ruhohi da duba da karanta zuciya. To amma a lura da abin da suke karewa: makaranci ya samu damar da mai bincike ya samu. A duniyarmu kowa ya san mutum ba ya ratsa bango, ba sai an gaya masa ba. A duniyar almara kuwa marubuci ne zai gina wannan sanin da hannunsa kafin gawa ta faɗi. In ya gina, wasan ya halatta. In bai gina ba, rufa-rufa ce kawai.

Ummu_Hafsa
Malam Mai_Alƙalami, na gane littafin, kuma ina ganin ka ɗan zalunci marubuciyar. Koma babi na 6. Akwai inda mai kula da fadar ya kama wata baiwa tana kunna fitilar ɗakin baƙi daga wutar da ke soro, ya daka mata tsawa ya ce kowane ɗaki da ƙyastunsa, ba a aron wuta a gidan nan. Sannan a babi na 14, lokacin da ake lissafa kayan mamacin, an ambaci cewa ba a ga ƙyastunsa ba. Ƙa'idar sihirin ita ce inuwoyin da wuta ɗaya ta haifa a haɗe suke, mai ilimin abin zai iya shiga ta wannan ya ɓullo ta waccan. An sace ƙyastun ne don dole tafinta ya ari wuta daga soro. Ruwa ba ya tsami banza, an ajiye maka alamun.

Mai_Alƙalami
Malama Ummu_Hafsa, na koma na duba, gaskiyarki, duka biyun suna nan. Amma ni na ɗauki tsawar nan a matsayin camfin gidan sarauta. Babu inda aka ce ga dalilin hanin.

Tsohon_Edita
Nan ne gizo ke saƙar, kuma ku biyun kowa ya riƙe rabin gaskiya. Alama daban, ƙa'ida daban. Alama ita ce ƙyastun da ya ɓace. Ƙa'ida ita ce wuta ɗaya na haɗa inuwoyi. Ana ɓoye alama, wannan shi ne wasan. Ba a ɓoye ƙa'ida. Wanda bai san ana bi ta inuwa ba, ko sau goma ka nuna masa ɓataccen ƙyastu ba abin da zai tsinta, domin ba shi da zaren da zai ɗaure shi da gawar.

Yadda ake dasa ƙa'ida irin wannan sanannen aiki ne ga masu gyaran rubutu. Da farko a nuna sihirin yana aiki a idon makaranci, a wurin da ba ruwansa da kisan, misali yaro ya miƙa wa ɗan'uwansa wasiƙa ta cikin inuwa a matsayin wasa. Wannan ya kamata ya zo a kashi ɗaya bisa huɗu na farkon littafin. Daga baya a nuna shi ya ƙi aiki, a kuma faɗi dalili a fili: fitilun biyu ba daga wuta ɗaya aka kunna su ba. Wannan gazawar ita ce ke koya wa makaranci iyakar abin, ta fi nasarar amfani nesa ba kusa ba. Sai a ƙarshe a wuce ta kan alamar a guje, a cusa ta tsakiyar jerin kaya biyar ko shida, a bi ta da wani tashin hankali da zai ɗauke ido. Abin da marubuciyar nan ta yi, bisa bayaninku, ta yi matakin ƙarshe da kyau, ta tsallake biyun farko.

ƊanTsuntsu
Wato ta ba mu mabuɗi ba ta nuna mana ƙofar ba.

Ummu_Hafsa
Yaya Tsohon_Edita, ban musa ba, amma akwai tsoron da marubuci ke ji a nan. Da ta nuna yaro yana miƙa wasiƙa ta inuwa a babi na 3, duk wanda ya saba karanta irin waɗannan littattafai da ya ga rufaffen ɗaki zai ce shi ke nan, ta inuwa ne. Ƙullin ya mutu tun bai ƙullu ba.

Tsohon_Edita
Shi ya sa ake mayar da tambayar wani wuri. A bar kowa ya san ana bi ta inuwa, har mai binciken ta fara zargin hakan tun ranar farko. Sai a toshe hanyar da hujja mai ƙarfi: ai dokar gidan ta hana aron wuta, bayi uku sun rantse kowane ɗaki da tasa aka kunna. Yanzu tambayar ta tashi daga "ta yaya aka shiga" ta koma "ta yaya wutar soro ta isa ɗakin nan, wa ya sa ta isa". Ɓataccen ƙyastun sai ya zama alama ta gaske. Ba a rasa mamaki ba, an dai ɗauke shi daga kan sihiri an ɗora shi kan mutum, can ne kuma mazauninsa.

Garkuwa77
Brandon Sanderson, marubucin almara ɗan Amurka, ya rubuta wata maƙala a 2007 kan wannan. Ma'anar abin da ya ce ita ce, gwargwadon fahimtar da makaranci ya yi wa sihirin labari, gwargwadon ikon da marubuci ke da shi na warware matsala da shi. A labarin yaƙi ana iya yin sassauci. A labarin bincike babu, domin warwarar ita ce hajar da aka sayar maka.

Akwai kuma wata hanya da marubuci Randall Garrett ya bi a labaransa na shekarun 1960: sihirin yana hannun masu bincike, yana yin aikin da ɗakin gwaje-gwaje ke yi, kamar tabbatar da cewa wannan harsashi daga wannan bindiga ya fito. Shi kuwa kisan galibi da dabarar mutane ake yinsa. Kowa na kallon matsafa, alhali amsar tana wurin da ba a zata ba.

Sarauniyar_Babi
Ku ba ni dama in karkata kaɗan, don ni ba inuwar ce ta dame ni ba. Wane ne makashin? Magatakardan ɗaya daga cikin jakadun, wanda a ƙarshe aka gano kakarsa 'yar al'ummar kogo ce, masu ilimin inuwa. Wato jininsa ne ya tona shi. Littafin ya kwashe babi talatin yana nuna mana yadda ake yi wa mutanen kogo kuɗin goro da zargi, jakadansu aka fara tsarewa ba hujja, muka tausaya masa. Sai ƙarshe ya zo ya ce mana ai masu zargin ba su yi kuskure sosai ba, jinin ne dai, a jikin wani yake. Abin da hannun dama ya gina na hagu ya rushe.

Hasken_Dare
Wallahi kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Kuma gyaransa ba wuya: a mayar da bin inuwa ilimi da ake koya, ba gadon jini ba. Da an ce magatakardan ya yi shekara bakwai yana aiki a ƙasarsu ya koyo, da laifin ya zama nasa shi kaɗai, kuma da an samu ƙarin alama kyauta, misali ya yi suɓutar baki da wata kalma ta yarensu a wurin cin abinci.

Garkuwa77
Abin sha'awa, doka ta biyar ta Knox ta taɓa wannan. Cewa ya yi kada a saka ɗan ƙasar Sin a labarin. Lafazin ba daɗin ji a yau, kuma ana ta muhawara a kansa, amma abin da ya cika ƙananan littattafan zamanin shi ne mugun baƙo daga gabas mai guba da asirai, wanda baƙuntarsa kaɗai ta isa hujja a kansa. Maganin da aka gano daga baya ba korar baƙo daga labari ba ne. A saka shi, a ba shi dalili irin na kowa: bashi, gado, kishi, tsoron tonon asiri.

Malam_Nahawu
Ina so in kare littafin ta wani gefen, domin inda ya yi daidai ya yi sosai. Yawancin marubuta idan suka tara taurari mabambanta, bambancin a tufafi da launin fata yake tsayawa, ka cire shi labarin bai girgiza ba. A nan kuwa bambancin shi ne injin binciken. An kashe tafinta, mutum ɗaya tilo da ke jin yarukan biyar. Daga ranar duk wata shaida sai ta bi ta bakin wani mai rabin yare, wanda shi ma ana zarginsa. Jakadiyar mutanen teku ta ce ta ga mamacin "bayan ruwa ya juya", aka fassara da bayan an ɗauke ruwan sama, alhali janyewar teku take nufi, tazarar awa uku ke nan a jadawalin binciken. Irin wannan ɓad da sawu ya fi wanda ake ƙirƙira da gangan daɗi, don babu wanda ya yi ƙarya.

ƊanTsuntsu
To ita mai binciken fa? Ni karatun leɓenta ne ya yi mini yawa. Daga ƙarshen zaure take karanta hirar mutum biyu kalma bayan kalma.

Likitar_Ji
Ka yi gaskiya ɗan'uwa, kuskure ne da ya zama ruwan dare. Karatun leɓe ba ji da ido ba ne, rabinsa cike gurbi ne da hasashe. Ku gwada a gaban madubi ba tare da murya ba: bata, ɓata, mata. Leɓe iri ɗaya yake haɗuwa a duka ukun, domin b da ɓ da m a wuri ɗaya ake furta su. Su kuma k da ƙ da g can cikin baki suke, ido ba ya kai musu, balle karin sauti da ke raba kalmomi masu haruffa iri ɗaya. Ga sharuɗɗa: haske ya kasance a fuskar mai magana ba a bayansa ba, ya fuskanto ki, tazara 'yar kaɗan, gashin baki bai rufe leɓe ba, kuma yaren ya zama wanda kika sani. A zauren da fitilun mai ke haskawa, tsakanin baƙi masu yare biyar, abin da za ta samu gutsattsari ne.

Kuma da marubuciyar ta bi gaskiyar abin da ta ci riba. A ce mai binciken ta tsinci kalma ɗaya da za ta iya zama abu uku, ta bi ta farko ta ɓata kwana biyu. Inda littafin ya kyauta shi ne maganar hannu tsakaninta da tsohon sojan: suna shawara a gaban waɗanda ake zargi ba wanda ya gane, kuma an nuna cewa maganar hannun mutanen teku daban take da tata. Haka yake a zahiri, kurame ba yare ɗaya suke yi a duniya ba, na Amurka da na Birtaniya ma ba sa fahimtar juna duk da ƙasashen biyu Turanci suke yi.

Sarauniyar_Babi
Na gode Likita. Shi ma sojan an kula da shi: hawa matakala 90 na hasumiya yana cin masa lokaci, kuma da wannan lokacin aka auna ko tsohon jakadan zai iya hawa ya sauko tsakanin ƙararrawa biyu. Ƙafar tasa ta yi aiki a lissafin, ba don neman tausayi aka sa ta ba.

Hasken_Dare
Ƙorafina ƙarami ne amma ya wahalar. Mutum shida ake zargi, uku sunansu da harafi ɗaya ya fara, kuma kowane yana da suna da laƙabi da sarauta. Sunaye goma sha takwas ke nan kan mutum shida. A labarin bincike makaranci yana riƙe da wa yake ina a wane lokaci, kansa ba shi da sauran wurin haddar laƙabi. Biyar zuwa bakwai shi ne adadin da aka saba, kowa da harafin farko nasa, a gabatar da su ɗaya bayan ɗaya kowanne yana cikin wani aiki da za a tuna shi da shi. A nan an zubo huɗu a shafi biyu a wurin liyafa.

Bature_Baƙi
Tambaya daga gefe: tunda akwai matsafa a fadar, me ya hana a tambayi gawar ko a sa kowa rantsuwar da ba a iya karyawa?

Ummu_Hafsa
An rufe wannan tun babi na 4. Gawa tana amsa tambaya uku kafin rana ta faɗi, amma abin da idonta ya gani kawai take faɗa, shi kuma ta baya aka soke shi. Sun ɓarnatar da tambaya biyu kafin mai binciken ta iso. Ka ga a nan marubuciyar ta san aikin: ta faɗi ƙa'ida, ta faɗi iyaka, kafin a buƙace su. Shi ya sa nake ganin ɓoye ta inuwar da gangan ne, ba mantuwa ba.

Tsohon_Edita
Da gangan ɗin ne ya fi muni a wurina, Malama. Duk wani sihiri da ke iya kashe bincike, na tada gawa, na gane ƙarya, na rikiɗa, na ganin abin da ya wuce, na ratsa bango, marubuci zai zauna ya rubuta wa kowanne abu huɗu kafin ya fara babi na 1: wa ke iyawa, me yake ci masa, me ke hana shi aiki, wace alama yake bari. Na huɗun ake yawan mantawa. Sihirin da ba ya barin sawu ba shi da amfani ga mai bincike. Da bin inuwa yana barin sanyi a bango ko toka a tafin ƙafa, da an samu abin kamawa.

Garkuwa77
Kuma rashin na'urori ba uzuri ba ne. A 1247 wani alƙali a ƙasar Sin, Song Ci, ya rubuta littafi kan binciken gawa. A ciki ya kawo labarin mutumin da aka kashe da lauje: mai bincike ya sa mutanen ƙauyen suka jera laujunansu a rana, ƙudaje suka taru kan guda ɗaya duk da an wanke shi. Lura ce kawai da sanin halin ƙuda.

Likitar_Ji
Tunda an zo kan gawa, akwai abin da ban gane ba a jadawalin, Malama Ummu_Hafsa ki gyara mini in na kauce. An kunna fitilar da faɗuwar rana, kuma an ce manta na awa huɗu ne. Da asuba aka fasa ƙofa, aka tarar muƙamuƙi da wuya sun sandare, ƙafafu kuwa suna lanƙwasuwa. Sandarewar gawa takan fara ne awa 2 zuwa 6 bayan mutuwa, daga muƙamuƙi da wuya take sauka, ta game jiki wajen awa 12. Wannan siffa tana nuna bai fi 'yan awanni da mutuwa ba. In daren ya kai awa goma sha ɗaya, to lokacin kisan fitilar ta riga ta mutu. Babu wuta, babu inuwa. Ta ina ya shiga?

Mai_Alƙalami
Kai! Wannan ya fi nawa ƙorafin ƙarfi.

Malam_Nahawu
A yi hattara. Sanyi yana jinkirta sandarewa, zafi da wahalar jiki kafin mutuwa suna gaggauta ta. Ɗakin dutse ne a tsibiri, da hunturu, an ma ce ruwan buta ya yi ƙanƙara. Zai yiwu ya mutu a awa ta huɗu gawar ta yi jinkiri. Abin da zai raba gardama shi ne kwanciyar jini a gefen da ke ƙasa, wadda takan kafu bayan awa 8 zuwa 12 ta daina gushewa in an danna. Sai dai a fata mai duhu ganinta na da wuya, musamman da hasken fitila, kuma tafintan baƙar fata ne. Littafin bai ce an duba ba.

Ummu_Hafsa
Akwai tulun mai a cikin jerin kayan babi na 14, an ce saura rabi. Tafinta ne, yana da takardun sulhu da zai fassara kafin safiya, zai iya ƙara mai da kansa. Wutar dai ita ce ta soro tunda ba ta mutu ba.

Tsohon_Edita
Rabi daga nawa? In ba a nuna tulun a cike da farko ba, rabin ba ya shaidar komai.

ƊanTsuntsu
Ni kuma wani abu: da aka fasa ƙofar fitilar a mace take ko tana ci? In a mace take da sauran mai a ciki, wani ne ya hure ta, kuma ba zai hure ta sannan ya fita ta inuwarta ba. Mai littafin a kusa ya duba mana farkon babi na 9.